Ni da Takwarana na Gidan Rediyo

Mu biyu ne muke amsa suna ɗaya a gidanmu na Kibiya, ni da ɗan baffana. Kakanmu ya rasu da damina, kafin a gama girbi matan 'ya'yansa biyu suka haihu, duka maza. Ni na riga zuwa, ranar suna ubana ya ce sunan mahaifinsa zai mayar. Da aka zo sunan ɗaya jaririn, Baffa, wanda shi ne babban wa, ya ce shi ma sunan ubansa zai sa, an riga shi ko ba a riga shi ba. Liman ya yi ta ba shi baki, ya ce ai sunaye ba su ƙare ba. Ina! Haka aka raɗa mana suna ɗaya a gida ɗaya, aka bar matan gida da wahala, tunda ba wadda za ta iya kama sunan surukinta. Mu kuwa da muka yi wayo sai muka hutar da kanmu, kowa yana ce wa ɗan'uwansa Takwara.

Ubana bai daɗe ba ya rasu, ko tafiya ban iya sosai ba, Baffa ya riƙe ni. Ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba, bai taɓa bambanta mu a tuwo ko a rigar salla ba. Mutum ne dai mai kafiya. In ya ce a'a, ko dagaci ne ya zo roƙo sai ya koma da haƙuri.

Ban da suna, akwai wani abin da muka gada tare, shi ne take. Kakanmu manomi ne na gaske, wanda in an yi gayya shi ake sa wa a gaba, kuma yana da takensa a gangar noma, wato kiɗan da in an buga shi kowa ya san da shi ake, makaɗi yana bugawa yana kiran sunansa da na garinsu. Da makaɗin ya tsufa ɗansa ya gaji gangar, mu kuma muka gaji taken. Ni tun ina ɗan mitsitsi in aka buga shi sai in ji tsigar jikina ta tashi, ƙafafuna suna rawa, sai an riƙe ni. Wannan shi ake kira tsuma. Takwara kuwa sai dai ya yi murmushi ya koma inuwa, don shi Allah ya yi shi siriri, ga yawan zazzaɓi, ga tambaya kamar alƙali.

Shekarar da aka aiko daga wurin hakimi cewa gidanmu ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar elementare ta Rano, Baffa ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya dubi gona. Da sassafe aka tura ni Nariya wurin dangin uwata, wai in taya su roron wake. Kafin in dawo an tafi da Takwara. Mata suka yi ta kuka kamar an yi mutuwa, Baffa kansa ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, yana cewa ya ba da ɗansa ga Nasara. Ku riƙe wannan, don mutumin nan shi ne daga baya ba ya iya gaisawa da baƙo bai sako zancen ilimin ɗansa ba.

Takwara ya gama Rano ya wuce makarantar Midil a birni. Ni kuma ina nan ina noma da damina, ina kokawa da kaka. Ban san ranar da na fara ba, na dai san na tashi ina kayar da sa'o'ina a dandali, sannan na koma kan waɗanda suka girme ni. Kafin gemu ya fito mini, daga Kahu zuwa Unguwar Gai babu saurayin da bayansa bai san hannuna ba. Da an ɗaure dawa an kai rumbu sai mu kama hanya ni da makaɗina, ɗan makaɗin kakanmu, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a saman buhunan gyaɗa a motar da za ta birni. Bunkure, Kura, Bebeji, Garko, har Tudun Wada, duk inda muka ji an share fili muna can. In shiga da warki da layuna, makaɗi ya buga taken nan ya kira sunana da na Kibiya, ni kuma in yi abin da na iya. An kayar da ni, ba zan ce ba a taɓa ba, amma waɗanda suka yi hakan ba su da yawa, kuma kowannensu na koma na rama. Mukan dawo da riguna da awaki, wata shekara har da ɗan maraƙi. Da kokawa na yi aure, da ita na gina wa uwata soro. Sana'ata ce, ban taɓa jin kunyarta ba, kuma har yau da nake dogara sanda ban ji ba.

Shi kuma Takwara sai muka ji an ɗauke shi aiki a gidan rediyo, ya fara a birnin Kano, daga baya aka mayar da shi Kaduna. Lokacin akwatin rediyo guda ne a unguwarmu, na wani Alhaji mai motar gyaɗa. Bayan la'asar yakan sa a fito da shi ƙofar gida da ƙaton batirinsa, maza su kewaye. Ranar da muka fara jin muryar Takwara ina nan tsugune. Muryar ta fito a natse, tana ba da labarin abin da ake ciki a Ikko da Ingila, sai na ji kamar na san ta. Da ya gama ya faɗi sunansa, ya haɗa da Kibiya. Kai! Wurin ya kaure. Na miƙe ina ihu, ina cewa takwarana ne, wallahi takwarana ne, a tabarma ɗaya muka yi fitsarin kwance! Tun daga ranar, duk wanda ya yi tari Takwara yana magana sai na harare shi, in ya sake in ɗauke shi cak in ajiye a bayan taro. Baffa kuwa, wanda da yake cewa akwatin nan aikin shaiɗan ne, sai ga shi da buzunsa na musamman daf da shi.

Mutane suka samu abin tsokana. In na shiga kasuwar Rano sai a ce, "A'a, mai labarai! Jiya mun ji ka a akwati." Ni kuma in ce, "Ƙwarai kuwa. Da safe na karanta labarun duniya, da yamma na kayar da yayanka." A yi dariya a wuce. Ni daɗi abin yake mini. Suna ɗaya, ana jin sa a iska, ana jin sa a ganga, me ya fi wannan?

Ashe abin da zai jawo mini baƙin ciki ke nan. Takwara ya ga 'yar wani babban malami a cikin birni, aka fara maganar aure. Iyayen yarinya suka turo mutum Kibiya a ɓoye ya binciko asalinsa da halinsa, kamar yadda aka saba. Mutumin ya sauka ranar kasuwa, ya tambayi mahauta ko sun san wane jikan wane. Suka ce wa zai ce bai san shi ba? Ai ga shi can jiya ya dawo daga Garko, ƙato ne, ba ya zama gida, daga shi sai warki yake shiga taro, layu har wuya, makaɗa na biye da shi. Su a ganinsu yabona suke yi. Mutumin bai ƙara tambayar kowa ba ya hau mota. Cikin mako aka aiko wa Baffa cewa a dakata da maganar, ba za su ba ɗan tasha 'yarsu ba.

Sai da Baffa ya ɗauki liman da wani dattijo suka tafi birni, suka yi bayani har da rantsuwa, sannan aka gane mutum biyu ne, aka ɗaura auren daga baya. Amma Baffa ya dawo da abin a ransa. Ya kira ni zaure, ya sa aka kira makaɗina, muka tsuguna.

Ya ce, "Kai, yaro. Yau aure ne, gobe aikinsa ne. In Turawan wurin suka ji an ce mai karanta musu labarai yana yawo tsirara a filin kokawa fa? Ban hana ka sana'arka ba. Amma daga yau kada a sake kiran sunan ubana a fili, kada a sake buga maka takensa. Ka nemi wani sunan, 'yan kokawa ai ba sa rasa laƙabi."

Na ce, "Baffa, ni ma fa sunana ne. Ni aka fara raɗa wa."

Ya ce, "Na gama magana."

Na dubi makaɗi, ya sunkuyar da kai. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Mutumin da ya ci da ni, ya tufatar da ni, ba zan yi masa musu ba. Na ce to, na ji, na kuma yi alkawari. Amma da na fita sai da na naushi bangon zaure har hannuna ya fashe.

Na gwada bin shawararsa sau ɗaya. Makaɗi ya ƙago mini wani suna mai ban tsoro da sabon kiɗa, muka je Kahu. Ya buga, ya kira, ni kuwa ina tsaye kamar da wani ake. Ko gashi ɗaya bai tashi a jikina ba. Na shiga a sanyaye, wani yaro da na taɓa koya wa kamu ya sa mini ƙafa, sai ga ni zaune a ƙasa ina kallon sama. 'Yan mata suka yi shewa. Na tashi na karkaɗe jikina, na kwance layu na zuba a jaka, na ce wa makaɗi ya nemi wani ya bi. In ba da sunana ba, na bar kokawa.

Na yi kaka guda a zaune, ta biyu ta shigo. Wanda bai taɓa zama a gida yana jin ganga daga nesa ba, ba zai gane ba. Na zama masifaffe, matata ta sha faɗan da ba ta san dalilinsa ba, Allah ya ba ta lada. Na daina zuwa ƙofar Alhaji. In na hango mutane sun taru, na san yanzu za a faɗi sunan nan a yi ta murna, sai in sake hanya. A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci don in kashe yini, da shi nake rubuta muku wannan. Ana cikin haka wani ɗan ci-rani ya sauko daga wajen Damagaram, baƙi, dogo, wuyansa kamar turmi. Ya bi ƙauyukanmu ɗaya bayan ɗaya yana zubar da samari, a Nariya har ya karya wa wani ƙashin kafaɗa. Mutane suka fara cewa ai tsoronsa ne ya sa na ajiye warki.

Kakar shekarar da aka samu mulkin kai, aka ce za a yi babban wasa a Rano, kuma gidan rediyo zai aiko a ɗauki kiɗa da kokawa don a sa wa mutanen Arewa. Wanda aka aiko kuwa Takwara ne, shi da wani abokin aikinsa mai kula da na'urar ɗaukar magana. Ya biyo ta gida da hantsi ya gai da iyaye. Sannan ya same ni a bayan gida ina gyaran danga, ga shi fes cikin farar riga, da tabarau da agogo.

Ya ce, "Takwara, yau zan ɗauki kayenka in kai Kaduna. Na cika musu baki da kai, na ce su jira su ji."

Na ce, "Wane kaye? Ai kai ka cinye sunan, ka bar ni da ɓawo."

Ya tsaya yana kallona. Ashe bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Na zayyana masa komai, da faɗa-faɗa, ina yi ina caka itace a ƙasa. Har na ce masa abin da bai kamata ba, na ce shi da ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba shi aka bar wa sunan manomi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, ya ce, "Ka dai zo filin, ko kallo ka yi." Na ce sai na ga dama.

Na je. Bayan azahar fili ya cika maƙil a gindin duwatsun Rano, yara har kan bishiya. An yi wa manya rumfa, kuma abin mamaki, ga Baffa a ciki da babbar rigarsa ta salla. Tunda yake bai taɓa taka filin kokawa ba, amma yau ɗansa ne zai riƙe abin magana a gaban hakimi, ina zai zauna a gida? Ni na samu wuri can baya cikin 'yan kallo, da rigata da hulata kamar mai zuwa ta'aziyya.

Aka fara da yara, aka zo kan samari. Takwara yana zagawa da abin magana a hannu, igiyarsa tana binsa, yana faɗin wanda ya shiga da wanda ya faɗi. Can mutumin Damagaram ya fito. Ya kayar da na farko kafin a gama gyara zama. Na biyu ya ɗan jima, shi ma ya tafi. Sai ya shiga zagaya fili yana ɗaga hannu, yana kirari, yana tambaya ko mazan ƙasar nan sun ƙare. Makaɗan garuruwa suka yi tsit, don a al'adar fili, in gwani yana tsaye a tsakiya ka buga taken mutum, to ka amsa masa ke nan, dole mai taken ya fito, ba a janyewa. Ba makaɗin da yake so ya jawo wa nasa karaya.

Sai na ga Takwara ya nufi makaɗina, wanda yake zaune da gangarsa a kan cinya. Ya kai abin magana kusa da gangar, ya ɗaga murya yadda 'yan rumfa za su ji.

Ya ce, "Ina so mutanen Arewa su ji taken gidanmu. Buga mini."

Makaɗi ya zaro ido, ya waiga wajen Baffa, ya ce, "Malam, ka rufa mini asiri. An hana."

Takwara ya ce, "Wa aka hana? Ni dai ba a hana ni ba. Sunana ne, takena ne. Buga, ka kira ni da kyau."

Makaɗin nan ya yi shekara da wani abu hannunsa yana ƙaiƙayi. Ya miƙe, ya rataya ganga, ya sake ta. Wayyo Allah! Na ji kiɗan nan har cikin haƙorana. Ya buɗe murya ya kira sunan, ya haɗa da Kibiya, ya sake kira. Jikina ya ɗauki rawa, na riƙe gwiwoyina da hannu biyu, na cije leɓe. Na yi wa Baffa alkawari, ko zan mutu a wurin ba zan tashi ba.

Mutumin Damagaram ya juyo, ya gyara tsayuwa yana jiran mai take. Takwara ya miƙa wa abokin aikinsa abin magana. Ya cire hula ya ajiye. Ya cire tabarau da agogo ya ɗora a kai. Ya tuɓe farar rigar nan ya ninke ta tsaf, ya cire takalma, ya naɗe ƙafar wando. Ya taka cikin fili daga shi sai singileti da wando, ƙafafu kamar karan dawa, yana ƙifta ido don ba ya gani sosai in ba tabarau.

Da farko dariya aka yi, har da masu faɗuwa. Da aka ga ya ci gaba da tafiya, ya je gaban ƙaton nan ya tsaya ya miƙa hannu, sai dariyar ta mutu. Kowa ya tuna yaron Nariya. Ni na san Takwara, na san tsoro yake ji, amma bai ja da baya ko taki ɗaya ba. Ya san al'adar fili sarai, a nan ya girma. Da gangan ya yi.

Baffa ya miƙe tsaye a cikin rumfa, ya manta da hakimi, ya manta da kowa. Ya daka wa ɗansa tsawa ya fito, Takwara ya yi kamar bai ji ba. Baffa ya ce wa makaɗi ya tsaya, makaɗi ya rufe ido ya ƙara wuta. Sai na ga Baffa yana waige-waige cikin taro, rawaninsa ya kwance yana ja, har idonsa ya faɗo kaina.

Ya ce, "Babana! Babana, kana zaune za a karya mini shi? Tashi mana, ai kai ma ake kira!"

Ɗa ba ya kama sunan ubansa, don haka wanda aka mayar wa sunan, Babana ake ce masa. Baffa ɗansa kaɗai yake kira haka. Ni tunda na yi wayo ban taɓa ji daga bakinsa ba sai ranar, a gaban mutanen Rano da Kibiya kaf. Na miƙe. Amma ni ma jinin gidan ne, kafiyar ba a wurinsa kaɗai take ba.

Na ce, "Baffa, da wane suna zan shiga?"

Ya ce, "Da naka! Da na ubana! Shiga, don Allah!"

Ban san yadda aka yi na keta taron ba, an ce wasu na tattake. Ba warki, ba laya ko ɗaya, na yar da riga na ɗaure wando a cinya. Na dafa kafaɗar Takwara na ce, "Koma bakin aikinka, malam." Ya ce a hankali, "Ka daɗe, wallahi saura kaɗan in yi fitsari." Dattijon da ke raba wasa ya ce suna aka kira, kuma mai suna ya fito, ba laifi. Mutumin Damagaram ya yi dariya, ya ce shi ma ya fi son haka, bai zo ƙasar Kano don ya karya malamin makaranta ba.

Muka kama. Ba zan rage masa ba, ban taɓa riƙe mutum mai ƙarfinsa ba. Ga shi na daɗe ban yi ba, numfashina ya yi gajere. Ya ɗaga ni sau biyu, ƙafata tana neman ƙasa, Allah ya sa na sauka a tsaye. Muka yi ta juyi, gumi ya sa jiki santsi, kamu yana zamewa. Na ji ƙarfina yana tafiya. Amma duk lokacin da na fara sanyi sai makaɗi ya matso ya kira sunan nan a kunnena, in ji wani sabon ƙarfi ya taso daga ƙugu. Na lura in zai ɗaga ni yana sako ƙafar dama gaba. Da ya zo na uku sai na sake masa jiki kamar na gaji, ya sako ƙafar, na harɗe ta, na sa kafaɗa a ƙirjinsa na tura da duk abin da ya rage mini. Muka tafi tare, amma shi ne a ƙasa.

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, don sama aka yi da ni. Na dai hango Takwara, har yanzu da singileti ba takalmi, ya fizge abin magana yana ihu a ciki kamar ɗan talla, muryar nan tasa mai natsuwa ta tafi hutu. Mutumin Damagaram ya tashi ya ba ni hannu, ya ce in zo garinsu ya rama. Namiji ne, Allah ya jiƙansa in ya mutu. Sai da muka tsufa Takwara ya gaya mini cewa ya sha faɗa a wurin aiki kan tuɓe rigar nan, har an yi barazanar mayar da shi ɗakin ajiye fayafayai. Ashe tsoron Baffa ba a banza yake ba. Na tambaye shi da Baffa bai kira ni ba fa? Ya ce da an karya shi, shi ke nan, ai da baki yake aiki ba da kafaɗa ba. Kun ji mutumin da na ce bai taɓa kayar da ɗan akuya ba. Ni na kayar da maza da yawa, amma ban taɓa shiga fili na san tabbas za a karya ni ba. Shi ya shiga.

Bayan kamar mako biyu aka aiko cewa ranar Juma'a da la'asar za a sa wasan. Ƙofar Alhaji ba ta taɓa cika irin ta ranar ba, har daga Unguwar Gai aka zo, mata kuma suka taru a bayan danga suna saurare. Baffa yana kan buzunsa. Ni na tsuguna can baya, don ban san inda zan sa idona ba. Akwati ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafensa, sai ga ganga. Sai ga muryar makaɗina tana kiran sunan, ga ihun mutanen Rano kamar ana ruwa a kan kwano. An yanke wurin tuɓe riga, an yanke ihun Takwara. Da hayaniyar ta lafa sai muryarsa ta dawo a natse, ya ce wanda ya yi wannan kaye shi ne wane na Kibiya, wanda ya kawo muku labari shi ma wane ne na Kibiya, jikokin mutum ɗaya ne, manomi.

Akwai wani baƙo a wurin, mai sayen gyaɗa daga birni, bai san gidanmu ba. Ya ga ana ta miƙa wa Baffa hannu, sai ya matso ya ce, "Malam, barka. To wanne ne ɗan naka a ciki, mai maganar ko mai kayen?"

Baffa ya murza carbi. Ya ce, "Ɗa kuma? Ubana ne. Na binne shi guda ɗaya, Allah ya mayar mini da shi biyu, ni kuma don rashin godiya na so in ƙi karɓar rabi."

Ya ɗaga kai yana nemana cikin mutane, ya yafito ni, ya matsa gefe ya bar mini rabin buzun. Na taso, ƙato da ni, ina share ido da hula, na je na zauna.